Famfo ko Tiyo: Muhawara Kan Juye Fetur a Jirgin Ruwa

A tashoshin jiragen ruwa na tafkin Kainji, daga Yauri zuwa Wara har Malale, hanyar fitar da fetur daga duro ko daga tanki sananniya ce. Yaron jirgi zai zura tiyo, ya kafa baki a ɗaya ƙarshen, ya zuƙa har man ya taso, sannan ya yi wuf ya cusa tiyon cikin jarka yana tofar da abin da ya shige masa baki. In kuma zubawa za a yi, sai a ɗaga jarka mai lita 25 a kan mazurari, jirgi yana rawa, mai yana fallatsa a kan katako. Saboda haka wasu masu jirage suke ganin lokaci ya yi da za a ɗaura wa jirgi ƙaramin famfo mai aiki da batir, daban da wanda ke jikin inji, wanda aikinsa kawai ya kwashe mai daga tanki ko ya juye shi daga wannan mazubi zuwa wancan. Wasu kuma, musamman tsofaffin matuƙa da kanikawan da suka taɓa ganin jirgi yana ci da wuta, cewa suke yi haɗa waya da fetur a cikin jirgi neman magana ne. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba ta ture wa da hannu ɗaya. Sai dai ni a ganina buƙatar da ta haifar da famfon gaskiya ce, amma famfon lantarki da aka ɗaure a jikin jirgi ba shi ne amsarta ba ga yawancin jiragen da ke kan kogunanmu.

Hujjar farko ta masu son famfo ita ce lafiyar mai zuƙa, kuma wannan babu mai iya musunta ta. Fetur ruwa ne marar kauri, yana da saurin bazuwa, kuma illarsa mafi muni ba a ciki take ba, a huhu take. In mutum ya ƙware da shi, ko ya haɗiye sannan ya yi amai, ɗan kaɗan ya isa ya gangara maƙoshi ya ƙona huhu, ya jawo tari da zazzaɓi da sarƙewar numfashi bayan wasu sa'o'i. Shi ya sa likitoci suke hana a sa wanda ya sha fetur ko kananzir ya yi amai, alhali abin da jama'a suka fi garzayawa su yi ke nan, har da ɗura masa manja. Ga kuma sinadarin benzin da ke cikin man, wanda an tabbatar yana jawo sankarar jini ga mai yawan shaƙarsa tsawon shekaru. Mai jirgi ba shi ne ke kafa baki a tiyo ba, yaronsa ne, wani lokaci ma yaron da bai kai shekara goma sha biyar ba. Wanda duk ya ce a bar al'ada yadda take, ya kamata ya fara faɗin wa zai riƙa yin zuƙar.

Hujja ta biyu ta ingancin mai ce. Tankin da ke kan ruwa kullum yana tara ruwa, ko daga raɓar da ke taruwa a cikinsa da dare, ko daga ruwan sama, ko tun daga wurin ɗan bumburutun da aka sayi man. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasan tanki, daidai inda bakin bututun inji yake tsotsa. Sakamakon shi ne inji ya riƙa tari, ya mutu a tsakiyar kogi, a lokacin da matuƙi yake buƙatar ƙarfinsa don ya tsaya wa igiyar ruwa. Man da ya daɗe a ajiye kuma yakan yi danƙo ya toshe ƙananan ramukan kafireto. Ba a manta da abin da ya faru a Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, ya lalata injunan motoci, aka yi ta janye shi daga gidajen mai. Wanda irin wannan mai ya shiga tankinsa ba shi da zaɓi sai ya kwashe shi tas. Masu famfo suna cewa tiyon baki ba ya iya wannan aiki sosai, domin sai mazubin da ake juye man a ciki ya zama ƙasa da tankin kafin mai ya gangara, kuma tankin da ke ƙasan jirgi ba shi da abin da ya fi shi ƙasa sai kogin kansa. Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce ginshiƙin hujjarsu.

Sai batun kuɗi. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Cikin kwanaki ta koma wajen 500, kuma a Oktoban 2024 ta haye 1,000. Injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, irin wanda masu fito suka fi amfani da shi, yana shan kusan lita 20 a awa in an buɗe masa wuta gaba ɗaya. Rabin litar da ke zubewa a kowace juyewa, wadda a da ba a kulawa da ita, yanzu kuɗin abincin yaron jirgi ce. Barin mai a jirgi ya kwana a bakin gaɓa kuma gayyatar ɓarawo ne, shi ya sa da yawa suke kwashe shi da yamma su kai gida. Abin lura dai shi ne juye mai ya zama aikin kullum, kuma aikin da ake yi kullum ya cancanci kayan aiki.

To, ina matsalar take? Tana cikin ɗabi'ar fetur ɗin kansa. Abin da ke kama wuta tururinsa ne, kuma fetur yana fitar da tururi mai kamawa tun daga sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a zafin Yauri na watan Afrilu. Tururin ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu, saboda haka ba ya tashi sama ya watse, gangarawa yake yi. A tudu iska takan kwashe shi. A jirgi kuwa, cikinsa kamar ƙwarya yake, abin da ya gangara ya zauna ke nan a ƙarƙashin kujeru da buhuna da katakon daɓe. Da zarar tururin ya kai kashi 1.4 cikin ɗari na iskar wurin, har zuwa kashi 7.6, tartsatsi ɗaya ya wadatar. Lita ɗaya ta fetur in ta bushe tana ba da tururi sama da lita 150, wanda ya isa ya mai da iskar ƙaramin shago guda abin fashewa. Yanzu a duba yadda ake haɗa famfon a zahiri: wayoyi biyu da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif, a ɗana su a kan batir lokacin da ake son famfon ya tashi, a fizge in an gama. Kowace ɗanawa da kowace fizgewa tana ba da tartsatsi, kuma batirin yana zaune ne a ƙasan jirgi, inda tururin ya taru. Mai zuƙa da baki yana cutar da huhunsa shi kaɗai. Mai ɗana waya a kan batir yana caca da ran duk wanda ke cikin jirgin.

Ba sai an je teku ba kafin a ga abin da juye fetur kusa da na'ura mai tartsatsi yake haifarwa. A 18 ga Janairun 2025, a mahaɗar Dikko kusa da Suleja, tankar mai ta faɗi, rahotanni kuma suka ce wutar ta tashi ne lokacin da ake ƙoƙarin juye man zuwa wata motar da taimakon janareta. Mutum sama da 80 suka rasu. A fili ne wannan ya faru, inda iska ke kaɗawa. Fasinjan jirgi ba shi da inda zai ruga sai ruwa, kuma da yawa daga mata da yaran da ke zuwa cin kasuwa ba su iya iyo ba, ba su kuma da rigar kariya.

Masu son famfo za su ce laifin haɗin banza ne, ba na famfo ba, kuma in an sa mai kyau an yi masa waya mai kyau, magana ta ƙare. Da gaskiyarsu har zuwa wani wuri. Akwai famfunan da aka ƙera a rufe ruf yadda tartsatsin cikinsu ba zai taɓa iskar waje ba, akwai ma ƙa'idojin gwajin su, irin su ISO 8846 da SAE J1171, waɗanda ake bugawa a jikin na'urar. Amma tambayar ita ce, wane famfo ne zai isa hannun mai jirgi a Wara? Abin da ya fi samuwa a kasuwannin kayan gyara iri uku ne, kuma kowanne da aibinsa. Akwai famfon cikin tankin mota, wanda aka yi shi don ya zauna nutse a cikin mai, man ya riƙa sanyaya shi, a wurin da tururi ya yi yawan da wuta ba ta iya kamawa. In aka fito da shi waje aka bar shi yana juyi bayan man ya ƙare, zafi yake ɗauka, ga shi yana turo mai da ƙarfin da zai fizge tiyon da ba a ɗaure da kyau ba. Akwai famfon juye dizal mai turo wajen lita 40 a minti, wanda masu ƙera shi suke rubutawa ƙarara cewa ba na fetur ba ne, domin dizal ba ya fitar da tururi mai kamawa sai ya yi zafin sama da digiri 50. Akwai kuma famfon kwashe ruwa daga cikin jirgi, wanda robobinsa ba sa jure fetur. Dukansu za su yi aiki a ranar farko, wannan ne ma ya sa suke da haɗari, domin mai jirgi zai ga mai yana zuba ya ɗauka ya dace. Araha dai ba ta ado.

Yana da amfani a duba abin da ƙasar da ta fi yawan ƙananan jirage masu fetur ta yanke a kan wannan batu, domin dokokinta daga gobara aka koyo su. Dokar tarayyar Amurka da ta shafi ƙera jiragen shaƙatawa masu injin fetur a cikin jiki ta hana a sa wa tsarin mai wata kafa ta tsiyaye shi. Ta ce duk wata ƙofar tanki dole ta kasance a samansa. Ta ce famfon lantarki mai ba inji mai kada ya yi aiki sai lokacin da injin yake juyi ko ake tayar da shi, kuma ya zauna a jikin injin ko cikin inci 12 daga gare shi. Dalilin duka ɗaya ne: kada a samu wata hanya da mai zai bi ya cika ƙasan jirgi ba tare da an sani ba. Masu adawa da famfo sukan tsaya a nan su ce ga hujja. Amma adalci ya sa a ƙarasa karatun, domin wannan doka ta ware famfon da ke juye mai daga tanki zuwa tanki daga sharaɗin inci 12, wato ta yarda akwai jiragen da ke buƙatarsa. Ba ta kuma shafi jirage masu injin ratayawa a baya ba, waɗanda su ne kusan duk namu. Abin da za a ɗauka daga gare ta shi ne tunanin da ke bayanta, cewa kowane sabon reshe da aka yanka a bututun mai sabuwar ƙofar yoyo ce, kuma famfon da ke da makunni nasa daban zai iya ci gaba da turo mai bayan an manta da shi.

Akwai ma wata illa da ba a cika ambata ba, wadda ta shafi inji kai tsaye. Yawancin masu ɗaura famfo sukan yanka bututun da ke kai mai inji su sa mahaɗa mai baki uku, reshe ɗaya ya tafi famfon. In wannan reshe bai toshe sosai ba, famfon injin zai riƙa tsotso iska ta nan maimakon mai. Inji mai bugu biyu da ake gauraya masa baƙin mai a cikin fetur, galibi kashi ɗaya cikin hamsin, daga man yake samun maiƙonsa. In man ya yi masa kaɗan, zafi zai ɗauka, yana iya ƙone fistan. Wato na'urar da aka sa don kada inji ya mutu a tsakiyar ruwa ita ce za ta iya kashe shi. Saboda haka ko wanda zai sa famfo, bai kamata ya raba bututu da inji ba, ya ba shi nasa bututun da zai shiga ta saman tanki ya kai ƙasansa.

Wata suka mai nauyi ta fito daga wani gefe dabam. Masu ita suna cewa duk wannan cacar baki ce a kan ƙaramin abu, domin ba gobara ce ke kashe mutane a kogunanmu ba. Jirgin da ya nutse kusa da Wara a Mayun 2021, da wanda ya kife da 'yan biki a yankin Patigi a Yunin 2023 inda sama da mutum 100 suka rasu, lodi fiye da kima da tsufan jirgi da tafiyar dare da rashin rigar kariya aka fi dangantawa da irinsu. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda hedkwatarta ke Lokoja, a kan waɗannan take ta faɗakarwa. Wannan gaskiya ne, kuma da za a ba mai jirgi zaɓi tsakanin famfo da rigunan kariya, riguna zan ce ya saya ba tare da wani dogon tunani ba. Sai dai sukar tana yanka ta ɓangare biyu. In gobara ba ta cikin manyan masu kisa a yau, ɗaya daga cikin dalilai shi ne jiragen katako masu injin ratayawa a buɗe suke, kuma da yawansu ba su da batir sam, da igiya ake tayar da su. Shigo da batir da waya da makunni cikin irin wannan jirgi don a juye mai ƙara wani haɗari ne a kan waɗanda ake fama da su.

Nan ne nake ganin ɓangarorin biyu sun tsallake abin da ke gabansu. Kusan duk abin da masu son famfo suke nema ana samun sa ba tare da lantarki ba. Ƙwallon robar nan da ke jikin bututun kowane injin ratayawa, wanda ake matsawa kafin a tayar, famfo ne cikakke mai bawul biyu a ciki. In aka haɗa wani daban da tiyon mai na gaske, matsawa kaɗan za ta taso da man ya ci gaba da gangara da kansa, babu baki babu waya. Don tsotse ruwan da ya kwanta a ƙasan tanki, inda lita ɗaya ko biyu ake son cirewa, ya ma fi famfon lantarki, domin a hankali yake ja, mutum yana kallon abin da ke fitowa a cikin kwalba har ya ga ruwan ya ƙare mai ya fara zuwa. Don duro mai lita 200 akwai famfon hannu na juyawa, wanda ke tura mai sama, abin da tiyon baki ba ya iyawa. Matsalar ƙarin mai a tsakiyar tafiya kuwa, maganinta tanki na biyu ne irin na ɗauka mai lita 24 ko 25, a cika shi tun a tudu, in na farko ya ƙare a zare bakin bututu a maƙala a ɗayan. Wannan bai kai minti ɗaya ba, kuma ba a buɗe murfin komai a kan ruwa. Masu famfo za su ce famfon hannu yana da jinkiri. Haka ne, kuma a wajen fetur jinkirin riba ne, domin man da ke gudu da sauri cikin roba yana tara wutar da ke tartsatsi da kanta, musamman a bushewar hunturu, wanda ya sa ake cewa a sauke jarka a ƙasa kafin a cika ta, bakin tiyon kuma ya taɓa jikinta.

Duk da haka ban ce babu jirgin da ya cancanci famfon lantarki ba. Babban jirgin kaya mai tankuna biyu ginannu a jikinsa, ɗaya dama ɗaya hagu, yana buƙatar daidaita nauyi, domin lita 200 ta fetur ta kai kusan kilo 150, kuma wannan nauyi a gefe guda yana karkatar da jirgi. Jiragen sintiri da na ceto ma haka. Mai irin wannan jirgi ya sa famfo, amma da sharuɗɗan da ba a rage ko ɗaya: wanda aka rubuta a jikinsa cewa na fetur ne kuma a rufe yake, da bututunsa daban, da bawul na rufewa a bakin tanki, da tiyon da aka yi don mai wanda aka ɗaure da zoben ƙarfe, da fiyus kusa da batir, da makunnin da sai an danne shi yake aiki, yana sakin hannu ya tsaya, a kafa shi sama nesa da ƙasan jirgi. Kuɗin waɗannan kayan ya ninka na famfon kansa, kuma wanda ba zai iya sayen su duka ba bai shirya sa famfo ba. Ko da an cika su, juyewa ba ta halatta da fasinja a ciki, ko inji yana aiki, ko wani yana zuƙar taba a kusa, kuma bayan an gama sai an ɗaga katakon daɓe an sunsuna kafin a tayar.

Saura tambayar da ba famfo ba tiyo ba wanda ya amsa ta, wato ina gurɓataccen man da aka kwashe zai je. Abin da aka saba shi ne a tuttular da shi a kogi a bayan jirgi, a ruwan da masunta ke jefa taru, mata ke wanki, dabbobi ke sha. Famfo mai sauri ma ƙara yawan abin da ake zubarwa yake yi, tunda ya sauƙaƙa kwashewa. Alhali man da ruwa kawai ya shiga bai lalace ba: in aka bar shi a jarka mai haske ya kwana, ruwan zai kwanta ƙasa da layinsa a fili, a tsiyaye na saman a tace shi a mayar tanki. Ɗan abin da ya rage shi ne ke buƙatar mazubi. Kowace tasha tana da sarkin jirgi da ƙungiyar masu fito da ke karɓar kuɗin lodi, kuma ba ya fi ƙarfinsu su ware wuri guda a tudu, nesa da masu soya kifi, su ajiye duro ɗaya na tara gurɓataccen mai, da famfon hannu na kowa da kowa, da tukunyar kashe gobara mai hoda da bokitin yashi. Kanikawan tasha suna amfani da irin wannan mai wajen wanke kayan inji, har sukan saye shi.